Rariyar da ke Tsakaninmu da Gidan Malam

A gindin katangar da ta raba gidanmu da gidan Malam, a Badarawa, akwai wani rami mai faɗin bulo ɗaya da aka bari da gangan domin ruwan sama ya bi. Rariya muke ce masa. Unguwar a kan gangare take, gidan Malam yana sama da namu kaɗan, saboda haka duk ruwan da ya sauka a tsakar gidansa ta nan yake shigowa namu, ya ratsa ta gaban kicin, ya fice ta wata rariyar da ke katangar baya, ya gangara fadama. Shi ma Malam akwai irinta tsakaninsa da na sama da shi, haka abin yake tafiya gida-gida. Haka na buɗi ido na gani. Ban taɓa zaton ramin da kaza ke sunkuyawa kafin ta wuce zai raba mahaifina da gidansa ba.

Gidan nan kuwa shi ne duk abin da Baba ya mallaka a duniya. Ma'aikacin gwamnati ne irin na da, mai biro a aljihun gaba da takalmi a goge. Ya yi shekarunsa yana zuwa ofis a keke, daga baya a babur, yana ɗora bulo a kan bulo duk lokacin da hali ya yi. Ba shi da gona a ƙauye, ba shi da wani fili a ɓoye. Abin da ya sha faɗa mana shi ne, "A nan za a yi mini wanka, ta ƙofar nan za a fitar da ni." Mama takan ce ya daina yi mana fatan tsiya da sassafe, shi kuwa sai ya yi dariya ya ci gaba da shan kokonsa.

Malam ya riga mu zuwa wurin. Malamin allo ne, mutumin ƙasar Zazzau, siriri, mai magana ƙasa-ƙasa. Gidansa na ƙasa ne tun daga zaure har ɗakunan ciki, kuma a zauren nan muka yi karatu, ni da ƙannena da sauran yaran layin. An ce lokacin da Baba ya zo jan katanga, birkila ya so ya rufe ko'ina. Malam yana tsaye yana kallo. Baba ne ya lura da wata 'yar hanya da ruwa ya zaizaye a ƙasa, daga gidan Malam zuwa cikin filinmu, ya ce wa birkilan ya tsallake bulo ɗaya a nan. Ya ce ruwa ya riga mu sanin wurin, kuma ba a tare wa maƙwabci ruwa. Iyakar maganar ke nan. Ko godiya ban ji an ce Malam ya yi da baki ba. Washegari dai ya aiko wa Mama da ƙwan zabi a ƙwarya.

Kowace shekara idan bazara ta yi, hadari ya fara leƙowa, su biyun sukan share rariyar. Baba ya naɗe hannun riga ya durƙusa ta nan, Malam ya durƙusa ta can, kowa na janyo ganye da yashin da suka taru ta gefensa. Idan hannuwansu suka haɗu a tsakiya sai ka ji Baba ya ce, "Barka da aiki, Allah gafarta Malam," murya ta fito daga cikin ramin ta ce, "Barka kadai, Alhaji." Mu yara mu yi ta ƙyalƙyala dariya, manya biyu suna gaisawa ta ramin kaji.

Da damina kuwa rariyar wurin wasanmu ce. Da an ɗauke ruwa sai mu tsugunna a bakinta mu ga abin da ta kawo: silifa wari ɗaya, ludayi, murfin kwano, wata rana har 'yan agwagi a jere, uwarsu na can bayan katanga tana kuka. Mu kwashe mu kai wa matar Malam ta ba mu gyaɗa. Ruwan ma ba shi da wani yawa. Kafin Mama ta gama tankaɗe ya wuce, ƙasar tsakar gida ta shanye saura. Bayan gidanmu fadama ce shimfiɗe har bakin rafin da ke gangarawa kogin Kaduna. Akwai masu rake, akwai masu shinkafa, da rani a yi lambun alayyafo da tumatir. Idan ruwa ya yi yawa takan cika ta yi fari fat, kwaɗi su ishi kowa da kuka, bayan kwana biyu ta janye. Ba wanda ya taɓa kiran wannan ambaliya, domin babu gidan kowa a ciki.

A sakandare malamarmu ta labarin ƙasa ta taɓa zana mana abin a allo. Ta ce ruwan sama idan ya sauka, wani ƙasa ke shanyewa ya nutse can ƙarƙashi inda rijiya ke samunsa, wani rana ta ɗauke, saura kuma ya bi gangare yana neman inda ya fi ƙasa. Idan aka hana ƙasa shan rabonta, rabon ba ɓacewa yake yi ba, kan na gangare yake ƙaruwa. Fadama kuwa, in ji ta, randar rafi ce, nan yake ajiye abin da ya fi ƙarfinsa har ya samu sararin wucewa da shi. Na haddace, na rubuta a jarrabawa, na ci, na manta. Sai da na yi aure na haihu sannan darasin ya biyo ni har ɗakin uwata.

Garin ne ya cika. Filayen da ke sama da mu, inda awaki ke kiwo, duk suka zama gidaje. Kowane gida rufin kwano, kowace tsakar gida siminti, masu hali kuma su shimfiɗa tubalin nan na ado tun daga ƙofar ɗaki har bakin titi, ko tafin hannu ɗaya na ƙasa ba a bari ba. Wai tsabta. Kowa ya saita bututunsa waje ya juya baya. Ruwan da a da ƙasa ke sha tun a can sama, yanzu gaba ɗaya yake taho mana, wani ta rariyoyin gidaje, wani ta kwararo. Kwararon kuma a daidai ƙofar Malam ya yi gwiwa, don haka idan ya cika kai tsaye zaurensa yake faɗawa, ya haɗu da na ciki, su nemi rariyarmu.

Ga kuma halinmu na mutanen gari, wanda har gobe idan na gani sai raina ya ɓaci. Da an fara yayyafi sai ka ga ana fitowa da kwandunan shara ana juyewa a kwata, wai ruwa ya tafi da ita. Ya tafi da ita ina? Gidan uban wa? Leda, ƙunzugun yara, ɓawon rake, tsumma, duk su taru a bakin kwalbati su yi masa marfi. Sannan a fito ana tafa hannu ana cewa ikon Allah. Ikon Allah ne mana, wa ya ce ba shi ba ne, amma ledar ai ba daga sama ta sauko ba.

Wanda ruwa ya leƙa wa gida sau ɗaya kuma, sai ya kira tifa ta juye masa jar ƙasa, ya yi ciko, ya ɗaga tsakar gidansa. Maƙwabcinsa ya gani, shi ma ya ɗaga nasa ya ɗara. Aka shiga tsere, kowa na neman ya fi na kusa da shi tudu. Gidajen da suka riga kowa zama, irin namu da na Malam, muka wayi gari a cikin kwari. Baba ya yarda an ƙara wa dokin ƙofarmu tsawo don kada na kwararo ya shigo, amma ciko ya ce sam, don ciko zai binne bakin rariya.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Aka yanka fadamar fuloti-fuloti aka sayar. Ban san wanda ya sayar ba, ban san wanda ya ba da izini ba, kowa ka tambaya sai ya nuna sama da leɓe. Wani mai hali da ba mu taɓa ganin fuskarsa ba ya cike bayan gidanmu, ya ja katanga doguwa har da waya a kai. Tsakanin katangarsa da tamu ya bar ɗan lungun da ko akuya sai ta karkace za ta wuce, nan rariyarmu ta baya ta koma zubarwa. Hanyar shigowar ruwa tana nan yadda take, ta fita ce ta shaƙe.

Shekarar farko ruwan ya tsaya a idon sawu. Wadda ta biyo ya hau baranda. Daga nan sai dai mu duba bango, domin kowace damina takan bar zanenta, layi ja-ja a kan fenti, na bana sama da na bara. Rijiyarmu da duk layin ke ɗiba ta koma wari, don ruwan kwata ya sha zuba mata ta baki. Aka ɗora gadaje a kan bulo, buhun masara ya koma kan tebur, Mama ta naɗe dardumarta ta aure ta daina shimfiɗawa. Ko rana ta fito ɗakunan ba sa bushewa. Ƙasa ta ƙoshi har ta fara mayarwa, sai ka ga danshi na tsattsafowa ta ƙarƙashin siminti ranar da ko ɗigo ba a yi ba. Tufafi suka yi fumfuna a cikin akwati. Warin nan har yau yana hancina.

Lokacin Baba ya riga ya yi ritaya. Ya sa babbar rigarsa ya zaga ofisoshin da ya san ƙofofinsu. Waɗanda ya koya wa aiki suka miƙe suka gaishe shi, suka ba shi kujera da ruwan sanyi, suka ce za a duba. An zo an duba kuwa. Wasu mutane suka sauko daga mota da takalman roba, suka leƙa lungun baya, suka girgiza kai, suka koma. Ba mu sake ganinsu ba.

Ni ina Kawo da mijina da yara, ina aikin ofis kamar yadda Baba ya yi. Duk ranar da aka yi ruwa mai ƙarfi hankalina ba ya jikina sai na je na gani. Allah kuma bai yi ni da haƙuri ba, Mama kan ce tun ina goye nake da faɗa. Wata Asabar na iske ta tana kwalfar ruwa daga ɗakinta da roba, ƙafafunta sun yi fari sun tsattsage saboda tsayuwa cikin ruwa. Ko gaisuwar kirki ban yi mata ba, na wuce wurin Baba. Yana zaune a kujerarsa, ƙafafunsa a kan bulo, rediyo a cinya.

Na ce, "Baba, a toshe rariyar nan. Bulo ɗaya ne da ɗan siminti. Kowa a layin nan ya yi ta kansa, mu kaɗai muka zama kwatar unguwa."

Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsa na ci. Ya rage muryar rediyon ya ce, "Uwata, in na toshe, ta ina zai bi?"

"Ya koma inda ya fito."

"Ruwa ba ya hawa tudu. A gidan Malam zai kwanta. Namu bulo ne, ya jiƙe ya bushe. Nasa ƙasa ce, yini ɗaya ruwa ya yi a gindin ɗakunan nan, sun zauna."

"To ka gaya masa mana. Ku zauna ku biyu ku nemi mafita. Ko ƙofar zaurensa ce a ɗaga, ko a fasa masa wata hanyar ta gefe, a raba ruwan biyu."

"In ce masa me? In ce ruwanka ya dame ni? Shi ya yi ruwan?"

Na yi ta faɗa har na gaji. Ya bar ni na gama, sannan ya ce in je in taya Mama kwalfar ruwa. Wata rana har birkila na ɗauko da buhun siminti a bayan babur. Baba ya tare shi a zaure, ya gaishe shi da kyau, ya tambayi iyalinsa, ya raka shi har bakin titi. Simintin ya zauna a zaure har ya daskare.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, mutanen nan biyu kullum suna tare. Bayan la'asar sukan shimfiɗa tabarma a gindin dalbejiyar ƙofar masallaci, su yi hirar siyasa, su yi ta tsadar taki alhali ba ɗayansu da ke noma, har a kira magariba. Idan an yi ruwa Malam zai ce, "Alhaji, yaya ruwa?" Baba kuma, wanda ya baro katifarsa a jingine tana ɗiga, zai ce, "Ruwa ya yi gyara, Allah gafarta Malam." Haka ake amsawa, na sani, ba a kushe ruwan sama. Amma ai gaisuwa daban, labari daban. Baba ya tsaya a gaisuwar bai taɓa wucewa ba, ya kuma gargaɗi Mama da mu duka kada wanda ya kai maganar gidan Malam.

Malam ya san ruwa na damunmu, wa bai sani ba a layin? Iyakarsa ce bai sani ba. Matarsa, wadda ita ce za ta shigo ta gani da idonta, ta rasu tun kafin abin ya yi tsanani, matar ɗansa da ke riƙe da gidan kuma baƙuwa ce, ba ta saba shiga maƙwabta ba. Shi kansa bai taɓa wuce zaurenmu ba. Shekara da shekaru ana zaune katanga ɗaya, amma namiji ba ya shiga tsakar gidan wani, balle malami irinsa.

A tsakiyar markar wata shekara zazzaɓi ya kwantar da Baba, ya kai ga ko masallaci ba ya iya fita. Da Malam ya ga kwanaki sun ja, sai ya yi sallama a zaure ya nemi izinin shigowa dubiya. Ina gidan ranar. Mama ta ja mayafi ta shige kicin, ni na yi masa jagora. Ya taka a hankali a kan bulullukan da muka jera a tsakar gida don tsallake caɓi. Na ga idonsa ya sauka a kan zanen bango, ya bi shi tun daga ƙasa har inda na bana ya tsaya, sama da gwiwarsa. Ya ga gado a kan bulo, ya ga akwatuna a saman durowa. Ya juya ya dubi rariyar, ya daɗe yana kallonta. Sannan ya shiga ya zauna kusa da Baba, ya yi masa addu'a ya tofa, suka ɗan taɓa hira. Da zai tafi na raka shi zaure. Yana neman takalmansa da ƙafa ya ce, ba tare da ya dube ni ba:

"'Yata, tun yaushe?"

Na ce, "An daɗe, Baba Malam."

Ya gyaɗa kai ya fita. Na ɗauka washegari zai dawo su yi maganar da Baba, har na ji sanyi a raina. Ashe ban san su ba, su biyun jirgi ɗaya ya kwaso su.

Bayan 'yan kwanaki Baba ya fara samun sauƙi, yana fitowa baranda ya zauna. Ranar da abin ya faru, tun da hantsi gabas ta yi baƙi, iska ta tsaya cak. Na bar ofis da wuri na nufi Badarawa don in taya Mama ɗage kaya. Ana idar da azahar ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Muka naɗe tabarmi muka tsaya a baranda muna jiran abin da muka saba.

Bai zo ba. Ruwan rufinmu kawai ke zuba a tsakar gida, yana gangarawa baya abinsa. Rariyar Malam shiru, ko ɗigo. Ni da Mama muka dubi juna, murna ta kama ni har na yi hamdala da ƙarfi. Da na juya na ga fuskar Baba, sai murnar ta koma ciki.

"Ya toshe," in ji shi. "Inna lillahi. Malam ya toshe ta can."

Mutumin da jiya sai an riƙe shi zai je alwala, ya miƙe ya shiga ruwan nan ba hula ba takalmi. Ya durƙusa a bakin rariyar ya zura hannu har kafaɗa, inda ya saba haɗuwa da hannun Malam. Buhunan yashi ya taɓo, an danna su an tokare da duwatsu. Ya ce in miƙo masa taɓarya. Ya yi ta zungura, taɓaryar na dawowa. Ya miƙe ya dafa katangar yana kiran Malam ya buɗe, amma ƙarar ruwa a kan kwano ta shanye muryarsa. Ni ma na kira har maƙogwarona ya yi zafi. Na ruga zaure don in zaga ta waje, na iske kwararon ya zama rafi, jan ruwa na gudu da ledoji da bencin wani, ba mai iya sa ƙafa.

Da na dawo na ga ruwa na tsartuwa ta tsakanin bulullukan katangar, can sama da inda rariyar take, katangar kuma ta yi ciki ta turo wajenmu. Na kama Baba ta baya na ja shi yana tirjewa, ban san inda na samo ƙarfin ba. Muna hawa baranda muka ji wani sauti daga gidan Malam, ba mai ƙarfi ba, irin na buhu idan an sauke shi daga ka. Ɗakunansa ne suka zauna. Ba a jima ba katangar ta kwanta cikin gidanmu gaba ɗayanta. Ruwan da aka tare tun azahar ya shigo lokaci ɗaya, da laka, da katako, da alluna na yawo a kai. Ya daki ɗakin Mama ya fasa ƙofa, ya cika lungun baya, ya rasa hanya, ya dawo ya tsaya mana a ƙirji. A kan tebur muka tsayar da Mama. Baba ya riƙe ginshiƙin baranda da hannu ɗaya, ɗayan kuma yana tsintar allunan da suka zo kusa da shi yana ɗorawa a kafaɗa don kada su zauna cikin ƙazanta.

Ba a rasa rai ba, wannan kam mun gode Allah. Malam ya fitar da iyalinsa zuwa masallaci tun da ya ga ruwa ya kai gwiwa, shi ya fita ƙarshe. Daga baya ɗansa ya gaya mini cewa Malam da hannunsa ya cika buhunan, ya hana kowa taya shi, ya kuma hana a faɗa. Wai Malam ya ce shekarun da Alhaji ya yi yana shan ruwansa sun isa, bana shi zai sha abinsa. Ya ɗauka ruwan zai ɗan tsaya masa a tsakar gida ya nutse, kamar na da can. Kullum a guje yake ganinsa yana wucewa, bai taɓa ganin yawansa a tsaye ba.

Da ruwan ya janye, gidan Malam tudun laka ne da kwanon rufi a kai. Namu yana tsaye, amma ruwan ya kwashe ƙasar gindinsa ta baya, bangon ɗakin Baba ya tsage tun daga tushe har sama, kana iya zura hannu. Magini ya zo ya duba ya ce kada a sake kwana a ciki. Baba ya ce a gyara. Maginin ya ce ko an gyara, damina mai zuwa fa? Maƙwabtan da suka fi mu tudu suka yi ta zuwa jaje, wannan ya ce Allah ya mayar da alheri, wancan ya ce ai alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ni dai da idona na ga alheri biyu sun haɗu sun rushe gida biyu. Na amsa wa wasu, wasu na kau da kai, don na san inda bututun kowa ya fuskanta.

Malam ya ce zai koma garinsu wajen danginsa. Muka raka shi tashar Kawo wata safiya, an kwana ana yayyafi, tashar duk caɓi. Kayansa da na iyalinsa ba su cika bayan mota ɗaya ba. Baba ya miƙa masa allunan da ya tsinta, ya shanya su ya ɗaure da igiya. Suka tsaya riƙe da hannun juna, ni ina gefe ina jira ko yau ɗaya za su yi maganar, wannan ya ce don me ka toshe, wancan ya ce don me ka ɓoye mini. Ba wanda ya ce. Can Malam ya dubi sama, ya ce a hankali kamar yadda ya saba:

"Alhaji, yaya ruwa?"

Baba ya buɗe baki. Amsar da ya yi shekaru yana bayarwa ba tare da tunani ba ta ƙi fitowa. Ɗan kamasho ya buga jikin mota, Malam ya shiga, aka ja ƙofa. Ba su sake ganin juna ba, Malam bai kai wata daminar ba.

Gidan kuwa dole aka sayar, tunda ba ya zaunuwa ba ya gyaruwa. Wanda ya saya ya haɗa da na Malam ya rushe, ya kawo tifofi suka yi ta juye ƙasa har wurin ya fi na kowa tudu a layin, ya ja katangar da babu rami a jikinta ko na ɓera. Sau ɗaya na bi ta wurin. Na tsaya ina neman inda ƙofarmu take, ƙofar da Baba ya ce ta nan za a fitar da shi, na kasa ganewa, tana ƙarƙashin ciko. Na yi kuka a tsaye a titi kamar wadda aka yi wa mutuwa. An ce yanzu ruwan layin can gaba yake kwanciya, a gidajen wasu da ban sani ba, su ma kuma sun fara kiran tifa.

Baba da Mama suna wurina a Kawo, don ƙannena maza suna nesa, kowa a ɗakin haya. A bene muke, inda ruwa ba zai iske su ba. Mama ta saba, ƙafafunta sun warke. Baba ne bai saba ba, kuma na san ba zai saba ba. Mijina bai taɓa nuna masa komai ba sai girmamawa, amma uba a ƙarƙashin rufin suruki, ko tari ba ya yi da ƙarfi. Ya daina kunna rediyo. Ya daina maganar inda za a yi masa wanka. Idan hadari ya haɗo sai ya ja kujera bakin taga, ya zauna yana kallon bututun da ke sauke ruwan rufinmu, yadda yake zuba a kan siminti, ya bi ta ƙarƙashin get ya fice, don nan ma ba a bar ƙasa ko tafin hannu ba.

Rannan ana ruwa na kai masa shayi, bai miƙo hannu ba. Idonsa na waje ya ce:

"Uwata, ruwan gidan nan, gidan wa yake shiga?"

Na ce, "Ban sani ba, Baba."

Ya gyaɗa kai ya ci gaba da kallo. Na ajiye kofin kusa da shi, har ya huce bai taɓa ba.